Lambar yabon malaman likitoci: kun ƙirga takardu, kun manta da bakin gado

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, shirinku na daren Lahadi ya ɓata mini rai. Minti talatin cur kuna zancen gwarzon malami a makarantar koyon aikin likita, amma duk abin da baƙonku ya lissafo shi ne yawan maƙalun da mutum ya wallafa, da tarukan da ya halarta a Ingila da Amurka, da kwamitocin da ya shugabanta. Ko sau ɗaya mai gabatarwa bai tambaye shi ba: to ɗaliban fa, me suka koya a hannunsa? An ce lambar koyarwa ce, sai ga shi ana auna ta da mudun bincike.

Ba raina bincike nake yi ba. A nan Sakkwato aka gwada gajeren tsarin ba da maganin magnesium sulphate ga masu jijjigar ciki, aka wallafa shi a 2009, har ana kiransa da sunan garin nan. Amma bincike yana da nasa ladan tun tuni, da shi ake hawa matakai har a kai farfesa a jami'o'in ƙasar nan. Koyarwa ce marainiya. Lamba ɗaya tak da aka ware mata, ita ma ku ce a miƙa wa mai tarin takardu?

Aikin likita a bakin gado ake koyonsa. Shekara shida ɗalibi ke yi kafin ya fito da digirin likita na MBBS, kuma kusan rabinta a asibiti ne, sannan shekara guda ta haus ofisa, wato sabon likita mai aiki a ƙarƙashin kulawar manya, kafin hukumar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, ta ba shi cikakkiyar rajista. A ɗauki jijjigar nan. Kowane ɗalibi zai iya haddace cewa a tsarin da aka saba ana fara ba da magnesium sulphate giram 4 ta jijiya a hankali, da giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan giram 5 duk bayan awa huɗu. Wannan yana cikin littafi. Abin da littafi ba zai dasa masa a hannu ba shi ne ya tsaya kafin kowace allura ta gaba ya ƙwanƙwasa gwiwar matar ya ga ko ƙafa za ta zabura, ya ƙirga numfashinta na minti ɗaya cikakke da agogo, ya ɗaga jakar fitsari ya ga ko ta kai mililita 30 a awa. In ƙoda ta ja baya maganin ya taru a jini, numfashi ne zai tsaya, kuma maganin calcium gluconate da za a ceto ta da shi dole a san inda yake tun kafin a buƙace shi. Wa ke koya wa yaro wannan da ƙarfe biyun dare? Mafi yawan lokuta babban rajistara ne, wato likita mai neman ƙwarewa, da ke aikin dare, ko tsohuwar ungozoma da ta shekara ashirin a ɗakin haihuwa. Ban ji sunan ko ɗayansu a shirinku ba.

Haka ɗiban ruwan ƙashin baya in lokacin sanƙarau ya zo, kuma mun ga yadda ya yi mana a 2017. Malami na gari zai sa ɗalibi ya kalla sau da yawa, sannan ya riƙe yaron da ba shi da lafiya da kansa a lanƙwashe don ya ji yadda ƙasusuwan ke buɗewa, ya laluba saman ƙugu biyu ya ja layi tsakaninsu ya samu gurbin. Ranar da ɗalibin zai soka allurar, malamin na tsaye a bayansa da safar hannu. In jini ya fito maimakon ruwa garau, ba zai zage shi gaban uwar yaro ba, sai an fita baranda ya nuna masa cewa ya zarce ne ya taɓa jijiyoyin da ke gaba. Wanda aka kunyata gaban majinyaci ba ya ƙara tambaya, kuma likitan da ba ya tambaya shi ne ake jin tsoro.

Ga kuma harshe. Da Turanci ake karatun, majinyata kuwa da Hausa ko Fillanci ko Zabarmanci suke magana. Tsohuwa ta ce zuciyarta na tashi, ɗalibin da ya zo daga Kudu ya rubuta ciwon zuciya, alhali amai take ji. Wani ya ce sanyi ke damunsa, wanda zai iya zama ciwon gaɓoɓi, zai iya zama ciwon mara. Malamin da ke ɓata minti goma a zagayen safe yana warware wa ɗalibai irin wannan, wace mujalla ce za ta buga masa shi?

Baƙonku ya ce koyarwa ba ta aunuwa. Wallahi tana aunuwa, kasala ce kawai. Kowane ɗalibi yana da littafin da ake sa masa hannu kan aikin da ya yi. A duba kwanan wata. Malamin da sa hannunsa ya warwatsu cikin makonni takwas na zaman ɗalibi a sashensa, ya koyar. Wanda ya zuba hannu talatin rana ɗaya, ana gobe jarrabawa, shi ma littafin ya tona shi. A tambayi ɗalibai a rubuce ba tare da suna ba, amma sai bayan sakamako ya fito, in ba haka ba tsoro ne zai yi magana. Kada kuma a tsaya kan ƙuri'arsu kaɗai, don malami mai arhar maki da barkwanci shi zai lashe. A nemi waɗanda suka gama shekara biyu ko uku da suka wuce, suna can su kaɗai a babban asibitin Isa ko Tangaza ko Illela babu wanda za su kira, a tambaye su muryar wa suke ji a kunnensu in an kawo mace tana zubar da jini bayan haihuwa. A haɗa da rahoton masu jarrabawa na waje. Sannan a raba lambar, ta masu koyar da ilimin sassan jiki a aji daban, ta bakin gado daban, a kuma buɗe ta ga rajistarori da ma'aikatan jinya da na ɗakin gwaji. Kuma kada ta ƙare a allon katako da hoto, a sa ta cikin makin ƙarin girma, in ba haka ba matashin malami zai ci gaba da gudun ɗalibai ya kulle ofis yana rubutu, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Tunda na ɗauki alƙalami, bari in ƙara da wannan. Ana rufe shirin, sai ga tallar mai maganin gargajiya yana cewa kwalba ɗaya na warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa, har sau uku kafin labarai. Ku da kanku kun san masu jefar da ƙwayoyinsu saboda irin wannan talla, su dawo asibiti da ƙafa ta ruɓe. Layin wayar da kuke bayarwa kuma tun watan jiya ba ya shiga, ku sa a duba shi.

Wassalam.

Mai sauraronku,
daga Mabera, Sakkwato