Rahoton Kwamitin Sa Ido Kan Gyaran Tsohuwar Firamaren Gundumarmu

Zuwa ga iyayen yara, da malamai, da duk mai biyan harajin gida a wannan gunduma tamu ta makarantun gwamnati a jihar Kalifoniya. Muna gaishe ku da fatan alheri.

An gama gyaran firamaren da ta fi kowace daɗewa a gundumar nan. 'Yan kwangila sun kwashe kayansu, an ɗauke shingen wayar da ya raba filin wasa gida biyu, yara sun koma azuzuwansu. Mu da hukumar makarantu ta naɗa domin mu bi sawun kuɗin a madadinku, ga abin da muka gani. A taƙaice, kuɗin ya tafi inda aka ce zai tafi. Abu guda ne cikin waɗanda aka yi muku alkawari ba a yi ba, kuma za mu faɗi dalili dalla-dalla, don kada ku ji shi a bakin wani.

Wasu iyaye, musamman waɗanda ba su daɗe da zuwa Amurka ba, sun sha tambayarmu ko gwamnatin tarayya ce ta yi wannan aiki. A'a, ku ne kuka yi shi. A nan, idan gunduma za ta yi babban gini, bashi take ci ta hanyar sayar da takardun lamuni, a riƙa biya shekara da shekaru daga harajin gidaje da filaye, kuma ba ta da ikon cin bashin sai masu zaɓe sun yarda. A da sai an samu kashi biyu bisa uku na ƙuri'u. A watan Nuwamba na 2000 mutanen jihar suka amince da Ƙudiri na 39, wanda ya sauko da abin zuwa kashi 55 cikin 100, amma da sharuɗɗa. Dole a jera ayyukan da za a yi tun kafin a jefa ƙuri'a. Ba a taɓa kuɗin don albashin malamai ko hidimar yau da kullum. Kowace shekara masu bincike daga waje su duba lissafi, su kuma duba ko an kashe kuɗin a kan ayyukan da aka jera. Dokar da ta biyo bayan ƙudirin ta ƙayyade harajin da gunduma irin tamu, mai haɗe da firamare da sakandare, za ta iya tsarawa kan kowane bashi: kada ya wuce dala 60 a kan kowace dala 100,000 ta ƙimar gida a littafin haraji. Ita ce kuma ta wajabta kafa kwamiti irin namu, na aƙalla mutum bakwai, ciki har da wakilin 'yan kasuwa, da na dattawa, da na ƙungiyar masu biyan haraji, da iyaye biyu. Ma'aikacin gunduma ba ya shiga, ɗan kwangilarta ma haka. Ba a biyanmu ko sisi, ba mu ba da kwangila, ba mu zaɓar mai zane. Namu mu duba, mu tambaya, mu zo mu faɗa muku.

Gani ya kori ji, shi ya sa tun kafin a buga ƙusa ɗaya muka je muka zagaya makarantar. Lokacin sanyi ne, wanda shi ne lokacin ruwa a nan, kuma an kwana ana yi. A laburare muka tarar da bokitai jere a tsakanin kantocin littattafai, ruwa na ɗiga daga silin da ya yi tabo kamar an watsa masa shayi. Mai kula da laburaren ta lulluɓe kantar littattafan ƙananan yara da leda, ta danne gefen da kujeru. Ta ce mana idan ta ji hasashen ruwa, da wuri take fitowa daga gida don ta riga yaran zuwa ta share ƙasa. Ba ta yi ƙorafi ba, nuna mana kawai ta yi. A baranda kuma ga famfon shan ruwa an ɗaure masa baki da leda, an manna takarda cewa kada a sha. Wannan ranar ce ta sa duk zaman da muka yi daga baya, idan aka kawo maganar fenti ko ƙawata ƙofar shiga, sai ɗayanmu ya ce a fara da rufi tukuna.

Rufin kuwa shi ya ci mafi yawan lokaci da hankali. A takarda, aikin shi ne a yaye tsohon shafen kwalta a shimfiɗa sabo, a gyara magudanan ruwa. Da aka yaye sai aka tarar ruwan shekaru ya riga ya shiga katakon da ke ƙasa. Mun je mun gani da idonmu. Shugaban kafintocin, dattijo mai ƙarancin magana, ya zaro sukundireba daga aljihu ya soka a jikin wani babban katako da ke ɗauke da rufin aji, sai ga shi ya nutse har mariƙi ba tare da ya sa ƙarfi ba. Ya zare, garin ruɓaɓɓen itace ya zubo a kan takalminsa. A ƙarƙashin wannan katako ne yara suka yi shekaru suna zama. Babu wanda ya ce uffan a cikinmu na ɗan lokaci.

Daga nan aiki ya tsaya a wannan sashe, domin a Kalifoniya ba a taɓa ƙashin ginin makarantar gwamnati da ka. Asalin wannan tsauri girgizar ƙasa ce da ta auka wa birnin Long Beach na jihar nan ran 10 ga Maris, 1933, wadda ta rusa makarantu da dama. Allah ya taƙaita, da yamma ta zo, gab da ƙarfe shida, an riga an tashi. Wata guda bayan haka majalisar jiha ta zartar da Dokar Field, wadda har yau ta sa duk zanen ginin makaranta sai ya bi ta ofishin mai zanen gine-gine na jiha, wanda aka fi sani da DSA, kuma dole a ajiye sufeto a wurin aiki yana ganin abin da ake yi. Injiniya ya sake lissafi, aka tura sabon zane, aka jira sa hannu. Wasu iyaye sun ƙosa, mu ma mun ji zafin ganin yara sun ƙara watanni a azuzuwan wucin gadi. Amma ra'ayinmu a nan ɗaya ne: jiran ya cancanta. An canza duk katakon da ya ruɓe, an ɗaure rufi da bango da ƙarafa, an kafe bangon da harsashinsa da manyan kusoshi. Yanzu an rufe komai da silin, babu wanda zai sake ganin waɗannan ƙarafa, kuma su ne abin da ya fi kwantar mana da hankali a duk aikin.

Ginin ya girmi 1978, shekarar da aka hana amfani da fenti mai dalma a gidaje a Amurka, don haka tun farko an san za a gamu da shi a jikin tagogi da ƙofofi. An san kuma akwai asbestos, wani ma'adini da ake sawa a kayan gini a da wanda ƙurarsa ke cutar da huhu, a tsofaffin tayil na ƙasa, domin dokar tarayya ta 1986 ta tilasta wa kowace makaranta ta binciki gininta, ta ajiye kundin inda abin yake, ta sake dubawa duk shekara uku. Abin da kundin bai nuna ba shi ne wanda aka naɗe tsofaffin bututun ruwan zafi da shi a cikin bango. Muddin ba a taɓa shi ba, ba ya tashi. Da an fasa, ƙurarsa ce ke shiga huhu. Aka kira kamfani mai lasisin wannan aiki, suka killace wurin da leda, suka yi aikinsu a lokacin hutu babu yaro ko ɗaya a harabar. Mun nemi takardun gwajin iska na bayan aikin, an ba mu, mun karanta kafin a buɗe ɗakunan. Bututun ruwan sha kuwa an sauya su gaba ɗaya, an gwada ruwan kowane famfo, an kwance wannan ledar.

Waɗannan abubuwa biyu da ba a zata ba, ruɓaɓɓen katako da asbestos na cikin bango, su suka cinye kuɗin ko-ta-kwana har suka taɓa wani wuri. Doka ta ba hukumar makarantu damar amincewa da ƙarin aiki ba tare da sake tallata kwangila ba idan bai wuce kashi 10 cikin 100 na farashin asali ba. Mun bi takardun ƙarin ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a tsallake wannan iyaka ba. Akwai guda da ba mu gamsu da ita ba, inda aka nemi ƙarin kuɗi kan kwashe tarkace alhali yana cikin yarjejeniyar farko. Mun nuna wa ofishin gunduma, suka koma teburi da ɗan kwangilar, aka cire.

Abin da aka rasa shi ne rumfar inuwa da aka yi alkawarin kafawa a inda yara ke cin abincin rana. Hukuma ta ɗage ta don a biya kuɗin rufi. A nan kanmu ya rabu. Wasu daga cikinmu suka ce tunda rumfar tana cikin jerin da aka nuna wa masu zaɓe, kuma ita ce abin da iyaye suka fi ɗoki, kamata ya yi a rage wani abu dabam, ko da sabbin kujerun ofis ne. Wasu suka ce jerin izini ne na abin da za a iya kashe kuɗi a kai, bai zama tilas a yi kowanne ba, kuma rai ya fi inuwa. Ta fuskar doka, masu magana ta biyu suna da gaskiya. Duk da haka mun haɗu a kan cewa an yi jinkirin sanar da iyaye, har wasu suka fara jin labarin a bakin 'ya'yansu. Mun rubuta wa hukuma cewa idan za a ɗage abin da aka yi alkawari, a faɗa a bainar jama'a tun kafin a yanke. Zafin ƙarshen Agusta da Satumba ba wasa ba ne, kuma yaran suna nan suna cin abinci a rana.

Sauran ayyukan sun tafi lami lafiya. An sake wayarin, an sa sabuwar ƙararrawar gobara, an gyara banɗakuna. Kowane aji ya samu na'urar da ke sanyaya ɗaki, ta ɗumama shi, ta kuma tace iska. Matsalar ba tamu kaɗai ba ce: ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka ya ƙiyasta a 2020 cewa makarantu kusan 36,000 a ƙasar na bukatar gyara ko sauya irin waɗannan na'urori. An kuma yi gangara a ƙofar gaba, an faɗaɗa ƙofofi kamar yadda dokar kare haƙƙin masu nakasa ta 1990 ta tanada. Akwai yarinya mai keken guragu da a da sai an zagaya da ita ta bayan kicin. Ranar da aka koma, ta gaba ta shigo tare da ƙawayenta, tana tura kanta.

Game da lissafi, rahotannin masu bincike na waje duka biyu sun zo mana, kuma babu inda suka nuna an karkatar da kuɗi. Wani layi ya tsayar da mu, inda muka ga an rubuta albashi. Da muka bi diddigi sai muka tarar na jami'in da ke kula da aikin ginin ne, kuma awannin da ya yi a kan ginin kaɗai aka caje. Babban lauyan jiha ya bayyana tun 2004 cewa irin wannan ya halatta. Mun nemi takardar awannin, ta yi daidai da abin da aka biya. An riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin ɗan kwangila har sai da ya gyara 'yan kurakuran da sufeto ya lissafa, irin su ƙofar da ba ta rufuwa da kyau da magudanar da ke tara ruwa, sannan aka sake masa. Takardar shaidar kammalawa daga DSA ta iso, kuma mun gan ta.

Gunduma ta kuma shigar da takardar neman kason jiha. A tsarin da aka kafa a 1998, ginin da ya kai shekara 25 ya cancanci tallafin gyara, jiha ta ɗauki aƙalla kashi 60 na kuɗin da ya cancanta, gunduma ta kawo sauran. Asusun ya samu ƙari a Nuwamban 2024, lokacin da masu zaɓen jihar suka amince da bashin dala biliyan 10, wanda biliyan 8.5 daga ciki na makarantun firamare da sakandare ne. Layi ake bi. Shawararmu ita ce duk ranar da kuɗin ya iso, rumfar nan ta zama ta farko.

An tambaye mu ko gyaran ya ɗaga sakamakon jarrabawa. Wannan ba hurumin kwamitinmu ba ne, kuma ba za mu ɗora wa bulo abin da malamai da iyaye suka sha wahala a kai ba. Abin da muka gani shi ne, baje kolin kimiyya na 'yan aji biyar, wanda aka daɗe ana kai wa wata makaranta aro, bana a laburarensu aka yi shi, allunan yara jere a daidai inda bokitan nan suke a da. Wani yaro ya tsare mu sai da ya gama yi mana bayanin yadda tsiro ke bin haske.

Saura kula da abin da aka gina. Kuɗin bashi ba ya share magudana, ba ya canza matatar iska. Gundumar da ta karɓi tallafin gini daga jiha dole ta riƙa ware kashi 3 cikin 100 na babban kasafinta don gyare-gyaren yau da kullum har tsawon shekara 20, kuma 'yan hukumar da kuke zaɓa su ne ke tsara yadda za a kashe shi. Idan 'yan takara suka zo neman ƙuri'arku, ku tambaye su wane ne zai hau rufin nan kafin ruwan farko. Zamanmu a buɗe yake ga kowa bisa Dokar Brown, wato dokar jiha kan buɗe zaman hukumomi ga jama'a, ana kuma liƙa ajanda awa 72 kafin zama a ofishin gunduma da shafinta na intanet. Wa'adinmu shekara biyu ne, kuma kujerar ɗaya daga cikin wakilan iyaye za ta zama babu kowa a ƙarshen wannan zango. Duk uwa ko uban da ke da ɗa a makarantun gundumar nan zai iya karɓar fom a ofis ya cike.