A Riƙa Faɗin Asalin Adon da Aka Aro

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini domin in ja hankalin masu zayyana tufafin mata da ke ɗaukar samfuri daga hotunan tsofaffin rigunan Turai, alhali yawancin furanni da tsuntsayen da suke burge su a jikin wasu rigunan aikin hannun mutanen Sin ne.

A ƙarni na 18 matan fadar Faransa da na Ingila sun kamu da son silikin Sin wanda ake yi wa zane da hannu. Daga 1757 sarkin Sin ya taƙaita cinikin Turawa a tashar jiragen ruwa ta Canton kaɗai, don haka daga can ake lodin yadin, telolin Paris su yanka shi su ɗinka doguwar riga mai buɗaɗɗen ƙugu da ninki a baya. Shi kuwa mai zane ɗan Faransa François Boucher, wanda bai taɓa taka ƙasar Sin ba, zana ta ya yi yadda ransa ya raya masa, kuma attajirai suka karɓa hannu bibbiyu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mayafin da mutanen Sifaniya suke kira na Manila, wanda matansu ke yafawa wajen rawar flamenco. A da, a Canton ake yi masa surfani da zaren siliki, jiragen ruwa su bi da shi ta Manila a ƙasar Filipin zuwa Acapulco a Meziko, sannan ya isa Seville a Sifaniya, inda aka ƙara masa doguwar geza. Garin da kayan suka ya da zango shi ya tafi da sunan, masu allurar kuwa ko ambatonsu ba a yi.

Wannan ɗabi'a ba ta gushe ba, domin a 2022 ɗaliban Sin sun yi zanga-zanga a Paris bayan kamfanin tufafi na Dior ya fito da wani siket mai kama da na matan tsohuwar daular Ming ta Sin ba tare da ya faɗi tushensa ba.

Aro ba laifi ba ne a wannan sana'a. Roƙona dai shi ne, duk lokacin da shafinku na ado zai buga sabon ɗinki, a tambayi mai shi inda ya samo zanen, a rubuta amsar a ƙarƙashin hoton.

Naku,
Mai karatu daga Kano