Koke Kan Tsohon Ofishin 'Yan Kwana-Kwana

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
ta hannun Dagaci.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta ban girma, mu ne mazauna unguwar da tsohon ofishin 'yan kwana-kwana yake, tare da dattawan da suka yi aiki a cikinsa har suka yi ritaya. Tun da aka mayar da ma'aikata sabon gini wurin yake a kulle. Yanzu kuma muna jin ana maganar rushe shi a yi shaguna, kayan ciki a auna wa 'yan gwangwan a kilo. Abin da ya kawo mu ke nan.

Jar motar nan mai ƙararrawar tagulla tana ciki, tayoyinta sun sace amma jikinta lafiya lau. Akwai famfon hannu da mutum huɗu ke dannawa, biyu ta nan biyu ta can, har ruwa ya taso cikin mesa. Ga hulunan kwano da gatura da bokitan yashi. Wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne littafin rajista, inda aka rubuta kowace gobara da hannu: ranar da ta tashi, unguwar, da musabbabinta. Gara ta fara cin gefensa, ranka ya daɗe.

A birnin New York na Amurka, an mayar da wani ofishin kashe gobara da aka gina a 1904 gidan tarihi, har da injunan da dawakai ke ja. Mu ma mun san hanyar, tunda Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa suna nan a Kano ana ziyartarsu.

Ba mu manta da gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016 ba, wadda ta cinye dubban shaguna. Duk hunturu kuma kaskon wuta a ɗaki yana jawo asarar rayuka. Dattawan nan sun ce a shirye suke su koya wa 'yan makaranta yadda ake kiyayewa, kyauta, a gaban kayan da suka yi aiki da su.

Muna roƙon Mai Girma ya sa baki a dakatar da rusau da gwanjon, a ƙidaya kayan a gaban Dagaci, a kwashe littafin zuwa fada kafin damina, sannan a isar da buƙatarmu ga ƙaramar hukuma a mayar da ginin gidan tarihi. Shara da gadi mun ɗauke su.

Allah ya ja zamaninka.

Mazauna unguwa da tsofaffin ma'aikatan kashe gobara.