Malam Edita, a shirin kansar mama an manta da maganar gado

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, Allah ya ƙara basira.

Na saurari shirinku na lafiya da kuka yi kan kansar mama a watan Oktoba, gaskiya kun yi ƙoƙari, amma da wata baiwar Allah ta bugo waya tana tambaya ko ana gadon wannan ciwo sai aka ce mata ta kwantar da hankalinta kawai aka wuce. Haba Malam. Ai ana gadonsa, ba kowane ba amma akwai, kuma wadda ta fi kowa bin diddigin wannan magana a kan matan Afirka 'yar ƙasar nan ce, Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago a Amurka.

A Jami'ar Ibadan ta yi karatun likita ta gama a 1980, sannan ta tafi Chicago. Duk sanda 'yan jarida suka tuna da ita lambar yabo kawai ake lissafa mana, an ba ta kyautar MacArthur a 2005, Obama ya saka ta a kwamitin ba da shawara kan cutar kansa a 2011, ta wallafa muƙalu ɗaruruwa, masana suna ta kafa hujja da aikinta. To madalla, mun ji, amma me ke cikin muƙalun? Nan ne ba a faɗa mana.

Tun 1990 wata Ba'amurkiya Mary-Claire King ta nuna akwai ƙwayar gado da idan ta samu tangarɗa mace na cikin haɗarin kansar mama, ita ce ake kira BRCA1, daga baya aka gano BRCA2. Sai dai kusan duk binciken a kan Turawa aka yi shi, mu ba a ma san yadda abin yake a jikinmu ba. Ita Olopade da abokan aikinta na Ibadan suka fara tattara bayanan mata masu ciwon tun 1998, ana ɗibar jini ana tambayar tarihin dangi, shekara da shekaru ana abu ɗaya. A 2018 suka fitar da sakamako tare da ita King ɗin, cikin mata 1,136 masu kansar mama kusan kashi 15 cikin 100 suna ɗauke da tangarɗar gado, BRCA1 kaɗai kashi 7. Wato duk mata bakwai da ke layin asibiti da wannan ciwo kusan ɗaya gado ta yi, kuma tana da 'yan'uwa mata a gida tana da 'ya'ya.

Abin da na so likitanku ya faɗa wa wannan mai waya kenan. Wanda ke ɗauke da wannan tangarɗa kowane ɗa da ya haifa rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba, kuma ta wajen uba ma ana gado, don haka idan goggonki ta rasu da shi tana 'yar shekara 40 ba maganar dangin wasu bace. Maza ma ba su tsira ba, akwai kansar prostate, wato ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, kai har ta maman ma tana kama namiji. A unguwarmu gida ɗaya ya da ƙanwa suka tafi a jere, har yau ana cewa jifa ne, ta ukun da ta ji ƙullutu a hammata wajen mai magani aka fara kai ta ana shafa mata wani baƙin abu da gashin kaza, sai da wurin ya fashe yana ruwa aka nufi asibiti.

Akwai wani aikin su Olopade na 2009 a kan mata daga Najeriya da Senegal da ya nuna yawancin ciwon nasu irin wanda maganin homon kamar Tamoxifen ba ya yi wa aiki ne, wasu masanan sun ja da su suka ce rashin adana naman da aka yanko da kyau kafin a kai lab yana iya kawo haka. Ko ma wanne ne, bai kamata a ɗora mace kan magani ba tare da an gwada irin ciwonta ba.

Ƙorafina na biyu namu ne na Arewa. Wannan lissafi na 2018 a Ibadan aka yi shi, yawanci matan Kudu maso Yamma ne, mu ina namu? Muna da asibitocin koyarwa a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, muna da farfesoshi, dan Allah ku gayyato su ku tambaye su a ina ake gwajin BRCA, nawa ne kuɗinsa, kuma inshorar lafiya tana biya ko a'a. Ku ba shirin awa guda cur, ku buɗe layin waya da wuri saboda mata na da tambayoyi.

Na gode, a gaida ma'aikata.

Mai sauraronku a kullum, daga Zariya