Roƙon tallafi: ɗakin sauraron harshe na makarantarmu ya yi shiru

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu, alhazai da hajiyoyi, tsofaffin ɗalibai na gida da na waje, kwamitin iyayen yara na makarantarmu ta Faransanci da Larabci da ke unguwar Bagalam, nan Maraɗi, yana gaishe ku. Yau kam da kuka muka zo.

Duk wanda ya leƙa ɗakin da yara ke sauraron darasin harshe zai ga dalili. Kwamfutocin hannu suna kulle cikin akwatin ƙarfe, ƙura ta lulluɓe su. Batirin da ke riƙe mana wuta ya kumbura tun zafin watan Afrilu, muka fitar da shi waje, domin mu ƴan Maraɗi mun daina wasa da wuta a makaranta tun Nuwamban 2021, lokacin da gobara ta cinye azuzuwan zana ta tafi da yara fiye da 20. Allah Ya jiƙan su. Da damina ta zo, kwano ya yi yoyo daidai kan lasifikar, yanzu in an kunna ta sai kuwwa. Yara na wucewa ta bakin taga suna tambayar mushe, yaushe za a buɗe?

Wanda bai zauna a ajin ba zai ce ai wannan kayan ƙawa ne. To, ku zo ku gani. Aji cike maƙil, yara huɗu-huɗu a kan benci, malami ɗaya yana ɗaga murya har ta dushe, na baya ba ya jin ƙarshen kalma. Yaronmu yana ganin Faransanci a kan allo, ya kwafa a littafi, ya koma gida inda ba mai furta masa ko kalma guda. Kunnen Bahaushe kuwa bai saba raba p da f ba, sai ranar dikte a ce “pain”, yaro ya rubuta “faim”, a zabge masa maki alhali ya yi karatu. Lokacin da ɗakin nan ke aiki, malami yakan ɗauki darasi da muryarsa ya zuba a katin memori, ko intanet ba a bukata. Yara su saurara, su maimaita, su ɗauki tasu muryar su ji da kunnensu inda suka karkace. Yarinyar da kunya ke hana ta buɗe baki gaban aji, a nan take sakin harshe. Malamin Larabci ma da wannan hanya yake gyara wa yara makharijul huruf, wato yadda ake furta haruffa, na Ingilishi kuma yakan tura gajeren darasi a zauren WhatsApp na iyaye, a saurara bayan isha'i.

Mun ji masu cewa tunda a watan Maris na 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa, me ya rage mana da harshen nasara? Mu ma mun yi murna, wallahi. Amma dokar nan ita ce ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Da Faransanci yaro zai rubuta jarrabawar BEPC ta gama koleji, da shi zai zauna aji a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Alhaji, kai da kayanka ke bin Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano, wa ke karanta maka takardun Ingilishi, kuma nawa kake biyan sa? Manzon Allah (SAW) da kansa ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙu.

Ba mu manta alheri ba. Kwamfutocin nan wani tsohon ɗalibinmu ne da ke fatauci a Kwatano ya aiko da su, ya ce kada a faɗi sunansa. Iya mai ƙosai ta bakin ƙofa, wadda ba ta da ko jika ɗaya mai karatu a nan, ta kwance bakin zane ta ba mu kuɗin cinikinta na yini guda, ta ce a saya wa yara waya ta caji. Allah Ya saka musu da Aljanna. Sai dai kuma a walimar saukar Alƙur'ani ta bara, manya sun miƙe gaban jama'a sun yi alkawari, aka yi kabbara, aka rubuta. Takardar tana nan hannun ma'aji. Ba za mu kira suna ba, kowa ya san kansa, kuma alkawari kaya ne. Abin da ciwo a ce kuɗin man mota na mako guda ya gagara, na mai ƙosai ya iso.

Bukatarmu ita ce faifan sola da sabon batir, gyaran kwano, lasifika biyu masu caji da katunan memori, kuma muna son a gama kafin a koma karatu a watan Oktoba. Mai dala ya kawo dala, mai jika ya kawo jika. Mai kwano ko ƙusa ya kawo, mai aikin sola ya ba mu yini ɗaya na hannunsa, sadaka ce mai gudana in Allah Ya yarda. Ma'aji da liman za su zauna a ƙofar masallacin makaranta kowace Juma'a bayan an sauko, duk wanda ya bayar za a yanka masa rasit. Na nesa ya tuntuɓi darakta, zai faɗa masa yadda zai aiko.

Wassalamu alaikum.
Kwamitin iyayen yara