Kamfanonin wasan bidiyo sun mayar da wasa kasuwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi magana kan yadda manyan kamfanonin wasan bidiyo ke juya wa wasan mutum ɗaya baya, wato wanda za ka saya sau ɗaya ka bi labarinsa har ƙarshe.

Lissafinsu a fili yake. Haɗa The Last of Us Part II ya ci kimanin dala miliyan 220, kuma irin wannan wasa sau ɗaya ake biyan kuɗinsa, dala 60 ko 70. Wasan intanet kuwa kullum ana ciniki a cikinsa: riga, makami, akwatin sa'a (wanda ake saya ba tare da sanin abin da ke cikinsa ba). Kamfanin Rockstar ya ce zai ƙara wa GTA V labari bayan fitowarsa a 2013, har yau shiru, sai GTA Online, ɓangarensa na intanet, ake ta yi wa ƙari.

Abin da ya fi damuna shi ne cinikin yana lalata ginin wasan kansa. Ana jinkirta ci gaban ɗan wasa da gangan, sannan a sayar masa da gajeriyar hanya. Ba a rubuta farashi da kuɗin gaske, sai da sulallan cikin wasa, kuma ƙunshin sulallan ba ya yin daidai da farashin kaya. A ce kaya sulalla 1,200 ne, ƙunshi kuma 1,000: dole ka sayi biyu, canjin da ya rage ya sake jawo ka. Beljiyam ta ɗauki akwatin sa'a na kuɗi a matsayin caca a 2018. A 2022 kuma hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta sa Epic Games, mai Fortnite, mayar da dala miliyan 245 ga waɗanda aka ruɗa suka yi sayayyar da ba su nufa ba.

Kuma ba kullum ake cin riba ba, domin lokacin ɗan wasa ƙididdigagge ne, wanda ya saba da wasa ɗaya ba ya barinsa. Sony ya janye wasansa na intanet, Concord, a 2024, mako biyu da fitowarsa. Baldur's Gate 3 kuwa ya karɓu a 2023 ba tare da wannan cinikin ba.

Iyaye su duba alamar PEGI ko ESRB, masu tantance shekarun da wasa ya dace da su, kafin saye, tana nuna ko akwai sayayya a ciki. Su cire katin banki daga na'urar, su sa lambar sirri. A kuma bincika ko wasan yana tafiya ba intanet, domin da kamfanin Ubisoft ya rufe wasan The Crew, wanda ba ya tafiya sai da intanet, a Maris 2024, waɗanda suka biya kuɗinsu ba su sake iya buɗe shi ba.