Takardun da na je na gani a Landan

Assalamu alaikum Yaya Hauwa,

Ya gida, ya yara, ya jikin Inna? Ni dai lafiya lau Alhamdulillah, sanyi ne kawai ya sako mu a gaba.

Kin tuna gidan nunin zanen nan da nace miki ina wucewa kullum in zan tafi aiki, Whitechapel Gallery, wanda ke jikin tashar Aldgate East? To satin nan da na samu hutu na shiga, amma ba wajen zanen da aka rataye yanzu na nufa ba, ɗakin ajiyar tsofaffin takardunsu na je, sai da na nemi izini tun kafin ranar. Tun 1901 aka buɗe gidan, kinga kuwa ai takarda ta taru.

Na nunin 1995 na ce a fito min da shi, wanda aka yi kan zanen zamani na Afirka. Chika Okeke, wani mai zane ɗan Najeriya, shi ne ya tsara ɓangaren Najeriya, labarin kuma ya ɗauko shi ne tun daga ɗaliban Zariya, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, da suka kafa ƙungiyarsu a 1958 a kwalejin da daga baya ta koma ABU, suka ce su fa ba za su zauna suna kwaikwayon Turawa kawai ba sai sun cuɗa da zanen gida. Wallahi Yaya zanen kansu an mayar wa masu su tuntuni, bangon ma an sha sake masa fenti, amma ina buɗe hotunan da littafin nunin sai naji kamar ina tsaye a ɗakin, har na manta ban ci komai ba tun safe.



Abin da yasa na rubuto kenan. Dan Allah zane-zanen Auwalu da ke cikin akwati ƙarƙashin gado kar a bari yara su yayyaga, kuma kar Inna ta ce tarkace ne a zubar, a sa su a leda saboda damina, ki sa shi ya rubuta shekara a bayan kowanne ko da fensir ne.

Ki gaida min Inna da kyau, zan kira ranar Juma'a in sha Allah.

Ƙanwarki,
Zainab